Yadda Ake Gina Mugu Mai Jabun Kayan Tarihi da Barazanar Tona Asiri a Shiri Mai Dogon Zango

Mai jabun kayan fasaha yana cikin mugayen da suka fi wuyar rubutawa a shirin bincike na talabijin. Aikinsa a zaune yake yin sa, shi kaɗai a ɗaki, babu gudu babu harbi, kuma idan ya ƙware, mai kallo ba zai bambance na jabun da na gaskiya ba. Wannan ya sa marubuta da yawa suke gajiya da shi tun kashi na uku, su ba shi 'yan daba da bindiga, ya koma bos irin na kowane fim. Abin da ke riƙe irin wannan mugu har ƙarshen zango shi ne a fahimci cewa jabun ƙofar shiga ce kawai. Ribarsa ta gaskiya tana cikin kunyar wanda ya saya. Duk bayanin da ke ƙasa an yi shi ne a kan shirin da za a ɗauka a Bauchi, mai kashi 13, kowane kashi minti 40 zuwa 45.

Abin da zai yi jabunsa

Kada ka ba shi zanen mai na Turawa. Babu wanda zai yarda cewa wani Alhaji a Fadaman Mada ya zuba miliyoyi a kan zanen da bai san mai shi ba. Ka nemi abin da mutanen wurin suke ba daraja har su iya yin faɗa a kansa.

Na farko, kuma mafi ƙarfi, shi ne rubutu: tsohuwar wasiƙa ta Larabci ko ajami mai hatimi, kundin wani malami, takardar kyautar gona, ko jerin salsala da ke danganta wani gida da wani mayaƙi na zamanin Yakubu, wanda ya kafa masarautar Bauchi da tutar Shehu Usmanu. Takarda ɗaya irin wannan tana iya ɗaga gida a neman sarauta, ko ta juya shari'ar fili. Ka lura cewa mai sayenta ba ado yake nema ba, matsayi yake saye, kuma wanda ya sayi matsayi da ƙarya ba ya iya kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba.

Na biyu shi ne mutum-mutumin yumɓu irin na Nok, wanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da shi a 1928 a kudancin Kaduna. Wannan ba kayan falon Bahaushe ba ne, don haka mai sayensa a labarinka dillali ne mai son fitar da shi waje. Amfaninsa ga marubuci yana cikin doka: Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su ba izini. Ke nan mai sayen ya riga ya yi laifi tun kafin ya gane an cuce shi.

Zaɓi ɗaya ya zama ginshiƙi. Mugun da yau yana rubuta wasiƙa, gobe yana gasa yumɓu, jibi yana buga takardar kuɗi, ba gwani ba ne a idon mai kallo. Sauran bayanin zai bi rubutu.

Labari yake sayarwa

Manyan masu jabu da aka kama a duniya sun nuna abu ɗaya: tarihin inda kaya ya fito ya fi kayan kansa saurin rufe idon mai saye. Wolfgang Beltracchi na Jamus, wanda aka yanke wa shekara shida a 2011, ya ɗauki matarsa hoto cikin shigar da, a matsayin kakarta, zaune a gaban zanukan da ya ƙirƙira, don a ce sun daɗe a gidansu. John Drewe na Ingila, wanda aka ɗaure a 1999, ya riƙa shiga ma'ajiyar takardun manyan gidajen tarihi na Landan yana cusa bayanan ƙarya, ta yadda duk wanda ya je bincike zai tarar da shaidar da Drewe ya ajiye masa.

Mayar da wannan gida. Mugunka ba zai taɓa kai kaya ya ce a saya ba. Zai sa a ji labarin wata tsohuwa a wani ƙauye wajen Darazo ko Ningi da ta gaji gafakar mijinta. Zai bar wani ɗan gidan Alhaji ya "gano" zancen da kansa. Idan aka zo masa, sai ya nuna ba ya so, ya ce amana ce, ba ta sayarwa ba. Ka ba wannan jan rai kashi biyu cikakku. Mai kallo yana jin daɗin ganin babban mutum yana roƙon a cuce shi, kuma daga baya, idan Alhaji ya so ya ce an yaudare shi, akwai shaidu cewa shi ya nace.

Shi kansa mugun ka ba shi sana'ar da ake girmamawa: mai zayyana, mai gyaran tsofaffin littattafai, ko tsohon ma'aikacin ajiyar takardu. Ka ba shi dalili guda, kada ya wuce guda. Wanda ya fi aiki shi ne raini. Han van Meegeren na Holan ya fara kwaikwayon Vermeer, shahararren mai zanen ƙasarsu na ƙarni na 17, bayan masu sharhi sun yi watsi da zanensa na kansa, kuma a 1937 ya sa babban masanin Vermeer na zamanin, Abraham Bredius, ya yabi jabunsa a rubuce. Gwanin da ake biyan ladan rubutunsa da kuɗin shayi, alhali rubutun matattu ana sayensa da kuɗin gida, yana da ciwon da mai kallo zai gane ko da bai yafe masa ba. Sai dai ka yi hattara da tausayi. Idan ka ba shi uwa mara lafiya da 'ya'ya masu yunwa a kan wannan, ka wanke shi, barazanar da zai yi daga baya kuma ba za ta zauna a jikinsa ba.

Daga ciniki zuwa barazana

A nan shirye-shirye suka fi faɗuwa. Ana ɗauko barazanar daga wani wuri daban, galibi hoton wata mace a waya, a liƙa ta a jikin labarin jabu. Sai ya zama labari biyu ne a riga ɗaya. Asirin da mugun yake riƙe da shi dole ya fito daga cinikin kansa.

Mutum uku sun ishe ka, kuma kowanne abin da ake tatsa a wurinsa daban ne.

Akwai mai saye. Ya riga ya kai wasiƙar gaban masu zaɓen sarauta, an yi naɗi, an yi hawa, an yi walima. Yanzu idan aka ce takardar ta jabu ce, rawani ne zai faɗi. A wurinsa kuɗi ake karɓa.

Akwai masanin da ya duba ya sa hannu cewa takardar ta gaskiya ce. Wataƙila ya karɓi goro, wataƙila son a ce shi ya gano ta ne ya rufe masa ido. Shi ba shi da kuɗi, sa hannunsa ake so a kan takarda ta biyu da ta uku. Wannan shi ne ya fi ban tausayi, ka ba shi jarumi mai nauyi.

Akwai kuma na ciki: yaron da yake niƙa tawada, ko ma'aikaciyar da ta taɓa ciro fararen tsofaffin takardu daga ma'ajiya sau ɗaya don biyan kuɗin asibiti. A wurinta shiru ake saye, da mabuɗi.

Buƙatar farko kada ta zama kuɗi. Alfarma ce ƙarama, wadda za a ji kunyar hanawa. Ta biyu kuɗi ne da Alhaji zai iya cirewa ba tare da kowa a gida ya sani ba. Ta uku sai ya sayar da wani abu da ido ke gani, mota ko shago a kasuwar Wunti, kuma a nan ne uwargida ko babban ɗa zai fara tambaya. Ka sa wannan ya faɗo wajen kashi na bakwai ko na takwas, domin shi ne ke buɗe wa mai bincike ƙofa. Idan ka fara da babban kuɗi tun kashi na huɗu, ba ka da inda za ka hau.

Harshen barazanar ma aiki ne. Mutumin nan ba ya ɗaga murya, ba ya furta kalmar da za a iya maimaitawa gaban alƙali. Ga yadda fitowa irin wannan za ta iya tafiya, a zauren Alhaji bayan la'asar:

"Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani. Dama wasu baƙi ne daga jami'a suka zo suna tambayar takardar nan, wai suna so su haska ta da fitila."

"Me ka ce musu, Malam?"

"Na ce ai ba a hannuna take ba. Sai dai ka san yaran zamani da naci. Ni ma da zan ɗan bar gari na wata biyu, da hankalin kowa ya kwanta. Halin tafiyar ne babu."

"Nawa ne halin tafiyar?"

"Haba, ranka ya daɗe, ni na isa in yanka maka? Abin da ya sauƙaƙa."

Ka gaya wa darakta ya bar kyamara a fuskar Alhaji a layin ƙarshe, kuma kada a sa kiɗa. Shirun ya fi.

Wani abu da bai kamata ya ɓace ba: cikin masu kallonka akwai waɗanda ake yi wa irin wannan barazana a zahiri. Shirin ya nuna gaskiyar lamarin, cewa biya ba ya kashe magana, ƙara ta yake yi. Aƙalla ɗaya cikin ukun nan ya ajiye saƙonnin, ya gaya wa wani nasa, ya kai rahoto, a ga ya sha wuya amma ya fita.

Kuskuren da zai kayar da shi

Kada ya faɗi saboda wani ya laɓe ya ji shi yana magana shi kaɗai, ko saboda ya tuba a mafarki. Mai jabu a kan kayan aiki yake faɗuwa. Beltracchi farin fenti ne ya kama shi, mai sinadarin da ba a sayar da shi a 1914, shekarar da aka rubuta a jikin zanen. Jabun kundin sirrin Hitler da Konrad Kujau ya rubuta, wanda mujallar Stern ta Jamus ta saya da maƙudan kuɗi a 1983, gwajin takarda ne ya rusa shi cikin 'yan kwanaki: akwai sinadarin ƙara fari da ba a sa wa takarda sai bayan yaƙin duniya na biyu.

Wannan na ƙarshe kyauta ce ga mai ɗaukar hoto, domin ana ganinsa da ido. Takardar zamani tana ƙyalli da shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita, tsohuwar takarda kuwa ba ta yi. A kashe wutar ɗaki, a kunna fitilar, mai kallo ya gane da kansa ba tare da an yi masa lacca ba.

Akwai wasu na gida da suka fi wannan daɗi. Yawancin takardun da aka yi rubutu a kansu a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 daga Italiya suke, ta hanyar Tarabulus da Sahara, kuma da yawansu suna da tambarin jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, wanda sai an ɗaga ta ga haske ake ganinsa. Rubutun tsangaya kuma yana sa ɗigon harafin fa a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, saɓanin rubutun bugu da ake koyo a Islamiyya. Gwaninka ba zai yi wannan kuskuren ba. Yaronsa zai yi, ranar da aiki ya yi yawa aka bar masa layi biyu ya ƙarasa. Ga kuma kuskuren tarihi: takardar cinikin gona mai kwanan watan 1968 da ta ambaci naira, alhali naira ta fara aiki a 1973, ko kan takarda mai "Jihar Bauchi" a 1974, shekara biyu kafin a ƙirƙiri jihar, ko wasiƙar ƙarni na 19 da ta sa fadar Gombe a inda take yau, alhali sai 1919 aka koma can.

Ɗauki ɗaya ya zama makami, wani ɗaya ya zama tarkon da mai bincike zai bi ya tarar ba komai. Makamin ka nuna shi sau uku: a kashi na biyu ya wuce a gefen hoto ba wanda ya yi magana, a tsakiyar zango wani ya kusa lura, a kashi na 12 ya fashe. Idan ba ka shuka shi da wuri ba, mai kallo zai ji an yi masa wayo.

Haɗa takardar da ɗaukarta

Takardar da za a nuna kyamara kawai za ta ruɗa, don haka kada a kashe kuɗi wajen neman tsohuwar takarda ta gaskiya, kuma kada a ari kundin wani gida a kawo lokeshan. Hannu goma da zufa da iskar fanka za su lalata shi a yini ɗaya.

A sayi takardar zane mai kauri, mai launin madara. Farar takardar ofis tana yin haske fiye da kima a kyamara, kuma tana yagewa idan ta jiƙe. A jiƙa jakar shayi huɗu a kofi ɗaya na ruwan zafi, a bari ya huce, a shafa da soso gaba da baya, a shanya a kwance a inuwa, sannan a goge da dutsen guga ta bayan ƙyalle. Rina ake fara yi kafin rubutu. Tawadar allo da ruwa take wankuwa, idan aka rubuta sannan aka shafa shayi, aikin ya tafi. Kada a ƙona gefen takarda da ashana, tsohon littafi ba haka yake tsufa ba. Kusurwoyinsa ne suke cinyewa, inda yatsa ke juya shafi ya yi duhu, ga ɗan tabon ruwa, ga hudar ƙwaro nan da can. Kuma ba a ɗinke yake ba: warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi, a ƙasan shafi an rubuta kalmar farko ta shafi na gaba don kada su rikice.

Tambarin wata uku kuwa, a buga shi da toka-toka mara ƙarfi a siririyar takarda, a manna ta a bayan wadda za a ɗaga, a sa haske ta baya. Kada a zana shi da mai, yana yaɗuwa cikin awa ɗaya ya zama tabo.

Kowace takarda mai muhimmanci a yi ta aƙalla kwafi huɗu iri ɗaya: ɗaya ta ɗaukar kusa wadda ba mai taɓa ta sai lokacinta, biyu na hannun jarumai, ɗaya ta ajiya. Idan akwai fitowar yagawa ko jiƙawa, a ƙara uku. Fitowar da ake ganin yana rubutu tana buƙatar shafin a matakai: fari, layi uku, rabi, cikakke, kowanne da lamba a baya, mai kula da kwantiniti, wato daidaituwar kaya daga ɗauka zuwa ɗauka, ya riƙe su. Rashin wannan ne ke sa a ga shafi ya cika sannan ya koma rabi bayan an tace.

Hannun da ke rubutu ya zama na marubucin gaske, alaramma ko mai zayyana, a biya shi a kuma sa sunansa. A daidaita launin fata, farce, zobe da hannun riga da na jarumin. Shi jarumin ya zauna da shi aƙalla mako biyu ya koyi zama a buzu, ɗora takarda a gwiwa, fiƙe alƙalami da tsoma shi. Wanda ya yi allo zai gane riƙon biro daga nesa. Haske ya zo daga gefe, ƙasa-ƙasa, don a ga kaushin takarda da ɗanyen tawada. Hasken gaba yana shafe su. Ƙarar alƙalami a kan takarda a naɗe ta daban a ɗaki shiru bayan an kashe janareta. Da hunturu tawada tana saurin bushewa a bakin alƙalami, takarda kuma tana lanƙwashewa, sai a riƙa ajiye kwafin a cikin leda tsakanin katako biyu.

Abin da aka rubuta a jiki yana da nasa haɗarin. Kada a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kwafin da za a yaga, a jefar ko a ƙona. Kada a kwaikwayi hatimin wata masarauta ta gaske, ko sunan sarki, ko na gidan da ke raye. A ƙirƙiri gari da sarauta, a sa wani mai Larabci ya karanta rubutun kafin ɗauka, domin masu kallo suna tsayar da hoto a waya su karanta. Haka lambar waya da ta asusun banki da za su bayyana a saƙon barazana: kada su zama na wani.

'Yan sanda da kotu

Mai binciken ba zai san tawada ba, kuma bai kamata ya sani ba. Ka haɗa shi da wanda ya sani, tsohon malami ko ma'aikaciyar gidan tarihi. Jos, mai gidan tarihi tun 1952, tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka daga Bauchi, ana iya zuwa a dawo a fitowa ɗaya. Idan kuɗin ya bi ta banki, EFCC tana da ofishin shiyya a Gombe. Tuhumar ta fi ɗaya: jabun takarda, zamba, ƙwace ta hanyar tsoratarwa, idan kuma barazanar ta bi ta waya ko intanet, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta shigo. Kafin ka sa lambar sashe a bakin lauya, ka ba lauyan gaske ya duba maka dokar jihar da ke aiki yanzu. Kada a nuna an tsare shi mako biyu a ofis ba kotu kamar haka ne daidai: sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko tsawon lokacin da kotu ta ga ya dace.

Babbar matsalar mai gabatar da ƙara a labarinka ita ce shaidu, domin duk wanda zai tsaya ya faɗi gaskiya sai ya tona kansa. Kashi na 13 a kan wannan ya kamata ya tsaya: wa zai fara miƙewa. Idan kana son fitowar da za a daɗe ana zancenta, tarihi ya ba ka ita. Da aka kama van Meegeren a 1945 bisa zargin sayar wa Hermann Göring, babban jami'in gwamnatin Hitler, dukiyar ƙasa, sai da ya zana sabon zane a tsare, gaban shaidu, don ya tabbatar cewa shi ya yi wanda ya sayar. Mugunka ma, idan aka kawo wani masani ya ce wannan rubutun ya fi ƙarfin hannun ɗan zamani, ciwon rainin nan da ka shuka tun kashi na ɗaya zai iya sa shi ya nemi a ba shi alƙalami.

Bayan an gama ɗauka, a ƙirga kwafin duka a kan lambobin da ke bayansu. Wanda za a ajiye a buga masa tambarin kamfani a baya da tawadar da ba ta gogewa, da sunan shirin da shekara. Sauran a lalata su a gaban furodusa, tare da hatimin da aka sassaƙa, kada ɗaya ya bi aljihun wani ya fita daga lokeshan.